Sambatun Marar Lafiya Ba Hauka Ba Ne

Jama'a, musamman mutanen Gwaram masu kai tsofaffinsu asibitin tarayya na Birnin Kudu, ga abin lura. In tsoho ya wuni da hankalinsa, da dare ya kama sambatu har bai san ɗansa ba, kada a ce aljannu ne a komar da shi gida. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ƙishirwa, ko tsayawar fitsari, ko wani magani. Wani kuwa sai shiru da yawan barci, shi a kan manta. Mai jinya ne ya san yadda tsohon ya ke jiya, sai ya gaya wa likita maza. Kada a ɗaure shi. A zauna kusa, a riƙa gaya masa inda ya ke.