Yaƙi muke yi ko farautar ɓarayi? Tambayar da gwamnati ke kauce wa

A ranar 25 ga Yuli, 2022, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali, ta kuma nemi iyaye su kwashe 'ya'yansu, saboda barazanar 'yan bindiga a ƙauyukan Sheda da Lambata. Sheda tana bakin titin Abuja zuwa Lokoja, inda cibiyar kimiyya da fasaha ta tarayya take, cikin Babban Birnin Tarayya. Kwana ashirin kafin nan an fasa gidan yarin Kuje, ƙungiyar ISWAP kuma ta ɗauki alhakin harin. A bakin jama'a maharan duk 'yan ta'adda ne. A idon doka kuwa, mai yiwuwa ba ƙa'ida ɗaya ce ke hukunta yadda za a tunkare su ba, kuma rayuka da yawa sun rataya a kan wannan bambanci.

Hukuma na da hanyoyi biyu na amfani da ƙarfi. Ta farko ita ce ta 'yan sanda: a kama mai laifi, a kai shi kotu, ba a harbi sai in babu makawa domin kare rai. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin rayuwa, har da wanda ake zargi da satar mutane. Ta biyu ita ce ta yaƙi, wadda Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 suka tsara, Najeriya kuma ta amince da su duka. A nan soja na iya kai wa mayaƙi hari ba tare da gargaɗi ba. Amma wannan izini ya zo da nauyi: dole a bambance mayaƙi da farar hula, a tantance wurin kafin a saki bam, a fasa harin in ɓarnarsa ga jama'a za ta zarce amfaninsa, a kula da wanda ya ji rauni ko ya miƙa wuya.

Shugaban ƙasa ba shi ke zaɓar hanyar da ta yi masa daɗi ba. Tun shari'ar Tadic a 1995, kotun duniya da ta binciki yaƙin tsohuwar Yugoslabiya ta kafa ma'auni biyu: tsananin faɗan da daɗewarsa, da kuma tsarin ƙungiyar, wato ko tana da shugabancin da ke ba da umarni a bi. Dalilin ɗaukar makami ba ya cikin lissafi. Ko don aƙida ne, ko don kuɗin fansa da zinare, ma'aunin ɗaya ne. Shi ya sa ƙungiyar Red Cross ta duniya ke lissafa faɗan gwamnatin Kolombiya da gungun Clan del Golfo, masu fataucin hodar ibilis, cikin yaƙe-yaƙen cikin gida na ƙasar. A kan Boko Haram ma ofishin mai gabatar da ƙara na Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ya bayyana tun 2013 cewa rikicin ya kai matsayin yaƙin cikin gida.

A kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma fa? A watan Nuwamban 2021 Mai Shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, aka fitar da sanarwar a gazet a Janairun 2022. Mutane da yawa, har da wasu masu rubuta wa ministoci jawabi, sun ɗauka magana ta ƙare. Ai kuwa wannan hukunci ya tsaya ne ga irin tuhumar da za a yi wa wanda aka kama da wanda ya taimaka masa. Bai ce kowane daji ya zama fagen fama ba, ba shi ma da ikon faɗin haka. Dabar da ke riƙe da ƙauyuka a Zamfara ko gabashin Sakkwato, tana aza haraji, tana kai wa sansanin soja hari, irin ta Bello Turji, tana iya cika sharuɗɗan nan biyu. Gungun da ke fitowa da dare ya sace mutane a Kwali ko Bwari ya koma daji, da wuya ya cika su. Kowace ƙungiya ana auna ta ne ita kaɗai.

A ganina wannan duhu yana yi wa hukuma daɗi. Tana cin gajiyar izinin yaƙi, wato luguden wuta daga sama, ba tare da ta ɗauki nauyinsa a fili ba. Tana kuma tsere wa wahalar aikin ɗan sanda, wato bincike, tattara shaida, bin sawun kuɗin fansa da masu sayar da harsashi, da zaman kotu na watanni.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A Janairun 2023 harin sama ya kashe makiyaya kusan 40 a ƙaramar hukumar Doma ta Jihar Nasarawa, makwabciyarmu. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ƙirga aƙalla mutum 85. Rundunar ta amsa cewa ita ce, kuma a watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Madalla da hakan. Sai dai da wace doka za a auna su? In aikin tabbatar da doka ne, tun farko babu hurumin jefa bam a kan taron da ba ya barazana ga ran kowa a lokacin. In yaƙi ne, a nuna matakan tantancewa da aka ɗauka kafin a danna maɓalli. Ko ta wace fuska, iyalan mamatan na bin gwamnati bashin amsa a rubuce.

Akwai masu fargabar cewa kiran abin yaƙi zai ɗaga darajar ɓarayi. Sashe na 3 na bai-ɗaya a Yarjejeniyoyin Geneva ya riga ya toshe wannan ƙofa: aiki da shi ba ya sauya matsayin kowane ɓangare a doka. Ɗan bindiga ba ya zama fursunan yaƙi, ana iya gurfanar da shi kan ɗaukar makami kawai. Hasali ma nauyinsa ƙaruwa yake yi, domin garkuwa da mutane da kisan farar hula a lokacin yaƙi laifukan yaƙi ne, kuma ƙa'idar duniya ba ta yarda afuwa ta shafe su ba. Masu shirya zaman sulhu da shugabannin dabobi, kamar yadda aka yi ta yi a wasu ƙananan hukumomin Katsina a 2025, ya kamata su san iyakar abin da za su iya yafewa.

Ku da kuke tsara takardu a Ma'aikatar Shari'a, Ma'aikatar Tsaro da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wannan aiki a teburinku yake. Ana bukatar matsaya a rubuce da za ta fayyace waɗanne ƙungiyoyi gwamnati ke ɗauka tana yaƙi da su, a waɗanne yankuna, da kuma inda ragamar ke hannun 'yan sanda ko da soja ya zo agaji a ƙarƙashin sashe na 217. Duk sanarwar da za ta ce "an hallaka 'yan ta'adda da dama" ta faɗi yadda aka tabbatar su ne. Ga Kwali, Kuje da Bwari kuwa, a riƙa bayyana adadin waɗanda aka kama, da waɗanda aka kai kotu, da waɗanda aka yanke wa hukunci, duk wata uku.