A Daina Cewa "Daji Ba Ya Son Ƙarfe"

Jama'a, mun gaji da zuwa jana'iza saboda wannan magana. Mace za ta ji ƙululu a mama, a hana ta zuwa asibiti, wai in wuƙa ta taɓa shi zai watsu. Sai a kai ta wurin mai lasifika a bakin kasuwa, da garin maganinsa kala ɗaya.

To ku sani, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙarin daji iri-iri ne. Wasu na hayayyafa da sauri, wasu sun yi lamo, wasu kuma kan ɓalle su shiga jini, su sauka a hanta, huhu ko ƙashi. Tun 1869 wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, ya gan su a jinin mamaci. Ke nan ciwon ba ya jiran wuƙar likita kafin ya watsu, jinkirinmu ne ke ba shi hanya.

Shi ya sa likitoci ke haɗa tiyata da allurai da gashi: abin da ya tsallake wannan, wancan ya kama shi. Wanda kuwa ya bar magani don ƙululun ya motse, ya bar masu taurin kai ne su sake tsirowa.

Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a cikin garinmu. In kuɗi ne, a sanar da ƙungiya mu yi karo-karo. Addu'a ba ta hana neman magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya