Turanci a Tsakar Gida: Ba Kowane Kamu Ne "Grab" Ba

Makon jiya na je suna Karaye, sai ƙanwata ta miƙo min littafin ɗanta da ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ranta a ɓace. An ce ya rubuta sana'ar mahaifinsa, wanda masunci ne a madatsar ruwan Challawa. Yaro ya duba ƙamus a waya, ya rubuta "My father grabs fish." Malam ya soke da jan biro, maki ya tafi.

Ba daƙiƙanci ba ne. Kalmarmu "kama" tana da faɗi: a kama kifi, a kama ɓarawo, a kama hannun yaro. Turanci kuwa ya raba su. Kamun kifi "catch" ne. Kamun ɗan sanda "arrest" ne. Riƙe hannun yaro a bakin titi "hold" ne. Shi "grab" sai an haɗa sauri da ba-zata, wato abin da muke kira wafcewa, fizgewa ko cafkewa. Yaro ya wafce ƙosai daga hannun ƙanensa: "He grabbed it." Ɗanki mai rarrafe ya doshi murhu, kin yi wuf kin cafko shi: "You grabbed him." Ki lura, idan aikin ya riga ya faru harafin b biyu ake rubutawa.

Wata uwa daga Rogo ta tambaye mu: ɗanta ya ji "grab some food" a fim, ko ƙwace abinci ake nufi? A'a, Hajiya. Nufin shi ne a ɗan taɓa abinci a tsaitsaye. Haka "grab a seat", wato samu wuri ka zauna. Amma wannan maganar tsara ce. Kada ya faɗa wa malaminsa ko baƙon babansa, kada kuma ya sa ta a wasiƙar neman aiki idan ta fito a jarrabawa.

Ko ba ki yi nisa a boko ba, za ki iya wannan. Da yamma ki ɗauki lemo ɗaya. Ki jefa masa ya cafe: "catch". Ki ce ya riƙe: "hold". Ki fizge daga hannunsa: "grab". Sannan ki tuna masa cewa na ukun nan, a gidan mutunci ba a yin sa a kwanon tuwo.

Wace kalma ce ke rikita naki yaran? Ku rubuto a ƙasa, mu duba ta mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.