Kafin a sauke injin Fijo

Mai karatu, a wannan mako zan ajiye maganar aji da jarrabawa, in ja ka zuwa gareji. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya bar mini Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. Faransa ta fara fitar da samfurin a 1968, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna, har ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta direban tasha. Tamu ita ta kai mu makaranta, ita ta ɗauko amaryata.

A watan jiya ta fara gardama. Da safe ba ta tashi sai an tura, in ta tashi tana kakkarwa, a kan hawa kuma ƙarfinta ya tsinke. Wani matashin bakanike ya saurari ƙararta na minti ɗaya, ya yanke hukunci cewa injin ya gaji, sai an sauke. Kuɗin da ya ambata ya kusa haɗiye albashina na wata. Har na fara tunanin rabuwa da ita, sai na tuna da wani dattijo da ya riƙa duba ta tun mahaifina yana raye. Da na kai masa kuka, ya ce, "Dakta, bari mu auna tukuna."

Injin fetur, in ji shi, abu uku yake bukata: cakuɗar mai da iska, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a kan lokaci. Ya fara da matsi, domin shi ke nuna ko cutar tana cikin injin. Ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya cire filogi huɗun, ya zare wayar kwal don kada wuta ta tashi. Sannan ya ɗaura ma'aunin matsi a ramin filogi, ya ce in taka totur har ƙasa, in murɗa makulli. Allurar ta nuna 150, 145, 150 da 148 a ma'aunin psi. Ƙa'idar ita ce kada tazarar da ke tsakanin silindoji ta wuce kusan kashi 10 cikin 100.

Ya ƙara mini karatu. Da silinda ɗaya ta yi ƙasa, zai zuba mata cokali guda na baƙin mai ya sake aunawa. In matsin ya hau, zoben fistin ne ya cinye, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai motsa ba, zargi ya koma kan bawul. In kuwa silindoji biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ɗin saman inji ne ya ƙone.

Da injin ya kuɓuta daga zargi, sai ya koma kan wuta. Ya jingina filogi da jikin inji, muka ga tartsatsin ja ne mai rauni, alhali shuɗi mai kaifi ake so. Ya buɗe distiributa, ya tarar kwantak ya ƙone, bakinsa ya yi ramuka. A irin wannan mota, buɗewar kwantak ce ke sa kwal ta harba wuta mai ƙarfi zuwa filogi, kwandensa kuma ita ke kare bakinsa daga ƙonewa. Ya sauya su duka biyu, ya daidaita tazarar kwantak a milimita 0.4, ya gyara lokacin wuta, ya tabbatar wayoyin filogi suna bin jerin 1-3-4-2. Murɗa ɗaya ta tashi. Abin da na biya bai kai kuɗin cika tanki ba.

Ban ɗauki matashin nan a matsayin macuci ba. Ya tashi ne a zamanin motocin da kwamfuta ke faɗin cutarsu, babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake bin tsohuwar mota daki-daki. Dattawan da suka iya wannan aiki suna ƙarewa, ga kuma Fijo da dama suna ruɓewa a bayan gidaje, wataƙila wasu a kan kwantak kawai.

Shawarata ga duk mai tsohuwar mota: in aka ce a sauke inji, ka nemi a nuna maka lambobin matsi na kowace silinda kafin ka taɓa aljihu. Gani ya kori ji. Na ce wa dattijon, "Baba, matashin nan fa?" Ya ce in turo shi ranar Asabar.