Jarumarku ta warke a layi biyu, Yayata ta yi wata bakwai

Wannan makon ni aka bai wa filin, kuma tun yanzu ina faɗa, ban zo da lallashi ba. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ni ma ina cikin masu laifin.

Ku ɗauko duk wanda kuka ga dama cikin littattafan da muke sakewa a WhatsApp da Wattpad. Jaruma ta sha doguwar naƙuda a ƙauye, ɗan ya zo babu rai, ta kamu da yoyon fitsari, miji ya sake ta, ƙawaye suna toshe hanci. Wannan ɓangaren mun iya shi sosai, mukan ba shi shafi talatin, mu sa mai karatu kuka har ta jiƙa filo. Sai ga wani Alhaji ko wani likita ɗan gayu ya ɓullo, ya ɗauke ta sai Indiya ko Masar. Layi biyu: an yi aiki, an dace. Shafi na gaba ga ta nan tana saukowa daga jirgi a filin Malam Aminu Kano, da takalmi mai tsini, ƙamshi na tashi, tsohon miji na cizon yatsa.

Takalmi mai tsini fa! Duk wadda ta taɓa jinyar macen da ta kwana biyu tana naƙuda, wannan takalmin kaɗai ya isa ya nuna mata cewa marubuciyar ba ta taɓa leƙa ɗakin ba.

Bari in faɗa muku abin da yake faruwa a wurin da muke tsallakewa. Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu tsawon sa'o'i, ba mafitsara kaɗai yake dannewa ba. Akwai jijiyoyin da suka fito daga ƙasan gadon baya suka bi ta cikin ƙugu suka sauka ƙafa, su ne suke ɗaga sawu sama idan mutum zai yi taku. Kan jaririn yakan matse su jikin ƙashi. Dogon durƙuso ma yakan danne wata a gefen gwiwa. Sai mace ta tashi daga haihuwa ta ga sawunta ya langaɓe, yatsu suna jan ƙasa, silifas yana zarewa ba ta sani ba. Tiyatar da ta ɗinke mafitsara ba ta taɓa wannan jijiyar. Da yawa takan farfaɗo da kanta, amma a hankali, cikin watanni, wata har ta kai shekara biyu. Kafin nan idan aka bar ƙafar a kwance babu motsi, idon sawu zai sandare, agara ta ɗaure, tsoka ta motse, ko jijiyar ta dawo daga baya ta tarar gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa. A nan aikin likitan fisiyo yake.

Na san wannan ne saboda Yayata, 'yar wan mahaifina. An yi mata aikin yoyo, likita ya ce ramin ya rufe, muka yi ta hamdala, aka cire robar fitsari muka dawo gida. Sati biyu ba a yi ba muka gane akwai sauran rina a kaba. Idan ta yi tari ko atishawa sai ta ji ɗumi a zaninta. Ƙafar hagu kuwa ja take yi. Cikin gida aka yanke hukunci nan take: masu cewa shafar aljanu, masu cewa kishiya ce ta yi mata turen ƙasa. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an shafa man da ban san sunansa ba. Da muka koma ganin likita wata nas ta rubuta mana takarda ta ce mu je sashen gashin ƙashi. Da na kawo takardar gida Gwaggo ta juya ta, ta ce, "Ke 'yar nan, ita da ba karaya ta yi ba, me za a gasa mata?"

Ku tsaya a kan wannan tambayar ta Gwaggo, domin a nan laifinmu na farko yake, mu da muke kiran kanmu masu aiki da kalma. Sunan da Hausa ta bai wa wannan fanni, gashin ƙashi, ya takura shi. Duk wanda ya ji shi, abin da zai zo masa a rai shi ne ɗan acaɓan da ya karye aka kai shi asibitin ƙashi na Dala, ana haska masa jar fitila. To gashin yana ciki, amma ɗan ƙaramin yanki ne. Mafi yawan aikin koya wa jiki ne ya sake yin abin da ya manta: ɗaga sawu, riƙe fitsari, miƙa hannu, tashi daga tabarma ba tare da an kama ka ba. Suna ne ya hana Yayata zuwa har kusan wata guda. Da a ce cikin ɗaruruwan littattafan da matan gidanmu suka saurara a waya akwai guda ɗaya da jaruma ta je wannan sashen bayan haihuwa, da Gwaggo ba ta yi wannan tambayar ba. Gwaggo ba ta karanta jarida, ba ta zuwa taron wayar da kai, amma kullum da daddare jikokinta suna kunna mata littafi.

Abin da aka yi wa Yaya a can babu wani abin mamaki a ciki, shi ya sa ma ba ya burge mu mu rubuta. Wata matashiya ce, ba ta fi ni da yawa ba, ta ja labule ta ce, "Hajiya, ki yi kamar kina son riƙe fitsari da iska lokaci guda, ki ja sama, kada ki matse ciki, kada ki riƙe numfashi." Tsokokin ƙasan mara ke nan, waɗanda suke shimfiɗe kamar majanyi suna tallabe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki yakan ja su, naƙuda takan yaga su ko ta kashe musu ƙarfi. Ranar farko Yaya ko daƙiƙa biyu ba ta iya riƙewa ba, ta fito tana hawaye tana cewa ita wannan wasan yara aka kawo ta yi. Ƙafar kuma ana miƙar da ita, ana lanƙwasa idon sawu, aka yi mata wani takalmin roba mai riƙe sawu kada ya faɗi, aka koya mata jawo yatsu da tawul idan tana zaune a gida. Sau biyu a mako, wata bakwai.

Wannan atisayen ba sabon abu ba ne. Wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya wallafa bayaninsa tun 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A Ingila ƙa'idar da ake bi ita ce macen da fitsari ke zubo mata idan ta yi tari ko dariya a fara sa ta wannan atisayen, ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla wata uku, kafin a kawo zancen wuƙa. A Faransa inshorar lafiya ta gwamnati ce take biyan kuɗin zaman gyaran waɗannan tsokoki ga mai jego. Asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa, wanda Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974, yana da sashen fisiyo a cikinsa domin sun san ɗinki rabin aiki ne. Mu kuma a nan muna da Babbar Ruga a Katsina inda likita Kees Waaldijk ɗan Holan ya shafe shekaru yana ɗinke mata, muna da cibiyar Laure a asibitin Murtala a Kano, da ta Ningi, da Jankwano a Jos, da Danja kusa da Maraɗi. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin fisiyo, cikinsu da 'yan mata Hausawa. Duk wannan yana bakin ƙofarmu, amma jarumarmu sai Indiya, domin mun fi son kwatanta jirgi da otal a kan bencin jira.

Kada ma ku ɗauka maganar masu yoyo ce kaɗai. Mata nawa ne a gidajenmu, masu haihuwa biyar, bakwai, tara, da suka daina dariya da ƙarfi a gidan biki? Nawa ne suke sake alwala sau uku kafin sallah ɗaya, suke canza zani, suke jin nauyin tambayar malami hukuncin mai salisin fitsari, balle su tambayi likita? Nawa ne suke jin wani abu yana saukowa ta gabansu idan sun ɗauki bokiti, suka yi shiru suka ce gajiyar haihuwa ce? Ga wadda tsokar cikinta ta rabe biyu bayan goyon ciki, tumbi ya ƙi komawa, baya na ciwo, ana yi mata gorin ta saki jiki. Ga wadda jijjiga ta kama wajen haihuwa jini ya hau ta tashi da shanyewar ɓarin jiki. Ga wadda aka cire wa mama saboda ciwon daji, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, hannu ya kumbura suntum domin an taɓa hanyoyin ruwa na hammata. Kowacce cikinsu akwai abin da fisiyo zai yi mata, wata ta warke sarai, wata ta samu sauƙin da zai mayar mata da rayuwarta. Mu a littafi shanyewar jiki ma mun mayar da ita hukunci: muguwar uwar miji ce take faɗuwa a banɗaki baki ya karkace, ta zauna a keke har ƙarshen labari tana neman gafara. Wace fahimta muke bai wa yarinyar da take jinyar mahaifiyarta mai wannan larura?

Na san abin da za ku rubuta min a ƙasa. Na farko za a ce labari ba ajin kiwon lafiya ba ne. Na yarda, kuma ban ce ku juye min lacca a bakin likita shafi uku ba, wannan ma wani ciwon ne da muke fama da shi. Abin da nake cewa shi ne, a wata bakwai ɗin nan labarin yake, kuna zubar da shi. Wa zai biya kuɗin adaidaita sahu sau biyu a mako? Mijin Yaya ya biya wata na farko da fara'a, wata na biyu ya fara cewa shi bai ga canji ba. Wa zai riƙe mata yara? Kishiyarta, wadda aka zarga da turen ƙasa, ita ce ta riƙa yi musu wanka tana kai su islamiyya, kuma ta san abin da ake faɗa a kanta. Ranar da aka ce matashiyar nan ta tafi hutu, namiji ne zai duba ta, Yaya ta ɗauki mayafinta ta fito, muka yi asarar kuɗin mota. Akwai makon da ta ɓoye takalmin robar a ƙarƙashin gado saboda za ta je suna, ba ta son a gani. Ku gaya min wane Alhaji mai jirgi ne zai ba ku abin rubutawa kamar wannan.

Na biyu za a ce kunya. A nan kam sai dai mu yi wa juna dariya. Mu da muke tsayar da labari tsakiyar shafi mu jera haɗin kayan mata, da gumba da tsumi da abin matsi, har da lambar wayar mai sayarwa? Mu da wasunmu suke kwatanta daren farko dalla-dalla har sai an rubuta a saman littafi cewa na matan aure ne? Wurin nan dai guda ne a jikin mace. Idan don jin daɗin miji ne bakinmu a buɗe yake, idan don ta iya riƙe fitsarinta ta tsaya sallah cikin natsuwa ne sai kunya ta kama mu. Matar da aka sayar wa abin matsi alhali tsokarta ce ta saki, an karɓi kuɗinta an bar ta da ciwonta, wani lokacin har da ƙarin ƙuna, kuma a littafinmu ta ga tallar.

Na uku, wasu za su ce wannan abin Turawa ne, mu muna da wankan jego. To ai wankan jegon shi ne hujjata. Kakanninmu sun san jikin da ya haihu yana buƙatar gyara, shi ya sa suka ware kwana arba'in, da ruwan zafi da ganyen darbejiya da kunun kanwa da gasasshen nama. Tunanin daidai ne, ba duk hanyoyin ne daidai ba: tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta alaƙar yawan kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kuma ruwan zafi, komai zafinsa, ba ya koya wa tsoka riƙewa. Al'ummar da ta yarda mace ta koma gidan iyayenta wanka ba za ta ƙi fahimtar zuwa asibiti gyaran jiki ba, idan an nuna mata shi a cikin labarin da take so.

Ni ma a littafina na farko na kwantar da jaruma wata uku bayan haɗarin mota, na tashe ta ranar ɗaurin auren mijinta ta taka da ƙafarta har tsakar gida. Masu karatu sun yi ta yabo. Lokacin ban san cewa wanda ya kwanta wata uku ko zama sai an koya masa ba. Yanzu idan na buɗe shafin nan rufewa nake yi.

Wadda take son ta gyara, abin ba wuya. Ki shirya ki je sashen fisiyo na babban asibitin da ya fi kusa da ke, ki yi sallama, ki ce ke marubuciya ce, ki nemi izini ki zauna a benci ki saurari hirar masu jira. Kada ki ɗauki hoton kowa, kada ki rubuta sunan kowa. Ranar 23 ga Mayu ake tunawa da yaƙi da yoyon fitsari a duniya, ranar 8 ga Satumba kuma ta fisiyo ce, ga masu neman lokacin sakin gajeren labari.

Yaya dai har yau idan ta gaji ƙafar takan ɗan ja, kuma ba ta sa takalmin da ba shi da maɗauri a baya. Azumin bana ta bi tarawihi a masallacin unguwa da alwala ɗaya. Da na karanta mata wannan rubutun kafin in turo, ta ce in cire zancen ɓoye takalmi a ƙarƙashin gado. Na ce mata, "Yaya, ai ban faɗi sunanki ba." Ta yi shiru, can ta ce to in ƙara da cewa kishiyar ce ta gano shi da tana shara, ta ɗauko ta ajiye mata a bakin ƙofa ba ta ce komai ba.