Giyar Leda: Masifar Da Ke Shiga Aljihun Ɗan Makaranta

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, da yawa daga cikinmu suna zaton maganar giya ta ƙare a Arewa tun ranar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, Kano kuma ta bi sahu a 2000. Duk sa'ad da Hukumar Hisba ta sa motar daddaɓe hanya ta murƙushe kwalabe, kamar yadda ta yi wa kimanin 240,000 a Kano a 2013, sai mu yi kabbara mu koma gida. Aikin lada ne, babu shakka. Amma kwalba ta manya ce. Yaro ba ya da kuɗinta, ba ya da wurin ɓoye ta. Abin da ke isa hannunsa shi ne barasar da ake ƙullawa a 'yar leda kamar ruwan sha, a sayar da ita kuɗin alewa a tasha da bakin kasuwa. Giyar kwalba ƙarfinta bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, alhali da yawa daga na leda sun haura kashi 30. Ta shiga aljihun wando, a shanye ta a bayan aji, a jefar da ledar a kwata.

A 2018 hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina ƙulla giya a leda da robobin da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar. Wa'adi ya cika a ƙarshen Janairun 2024. Da hukumar ta fara aiwatarwa, sai ihu ya tashi, aka yi zanga-zanga a Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ƙara wa'adi zuwa Disambar 2025. Subhanallah! Shekara biyar ba ta ishi mai injin ya sauya sana'a ba, amma ta ishi ɗan shekara goma sha biyu ya zama mashayi. Tanzaniya ta hana wannan leda tun 2017, Yuganda a 2019.

Hujjarsu ita ce ma'aikata za su rasa abinci. Ba mu raina wannan kuka ba, domin yunwa ba ta da addini. Sai dai malaman usulu sun tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da janyo amfani, kuma tsare hankali yana cikin abubuwa biyar na larura da shari'a ta zo domin kiyaye su. Ko wanda bai yi imani da haramcin giya ba, ai bai yarda a sayar wa ɗansa ba. A nan Musulmi da Kirista suna da kalma guda, kuma kuskure ne mu bari a mayar da batun rigimar Kudu da Arewa.

To amma hani kaɗai ba ya warkarwa. Mun ga haka a 2018, lokacin da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Wanda jikinsa ya riga ya kamu bai tuba don an rufe shago ba. Ya koma ga tiramadol, ko sholisho, ko abin da ya fi su muni. Ku duba yadda haramcin giya ya sauka daki-daki, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida, bayan an gina zukata shekaru. Mu kuwa muna son mu fara daga inda aka ƙare. Idan uba ya gane ɗansa ya faɗa, ina zai kai shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau sun yi wa talakan ƙauye nisa, shi ya sa gidajen mari suka samu kasuwa, har abin kunyar da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a 2019, inda aka fitar da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su bi dillalin da ke sauke kwalaye, ba yaron da aka kama da leda ɗaya ba. A ƙwace lasisin duk shagon da ya sayar wa ƙaramin yaro. A buɗe sashen kula da masu shaye-shaye a kowane babban asibiti. Kwamitin kowane masallacin Juma'a kuma ya nemi likita ko ma'aikacin jinya guda daga cikin masallatansa, wanda uwa za ta iya zuwa wurinsa a asirce ba tare da unguwa ta ji ba.