Yamai ba Dubai ba ce: magana da masu hoton dare a bakin Isa



Kwanakin ga duk wanda ya buɗe Facebook sai ya ci karo da hoton bakin kogin Isa da dare. Fitilun gadar Kennedy sun kwanta bisa ruwa kamar an zuba zinari, otal Gaweye na ƙyalli, can nesa ga gadar da ƴan Sin suka gina a 2011. A ƙasa an rubuta "Yamai kamar Dubai", jama'a na ta yabo. Ni dai na gaji da wannan magana.

Hotunan na da kyau, ban musa ba. Samarin da ke ɗaukar su sun iya aiki, wasu ma da shi suke ci. Amma ku san yadda ake yin su. Da dare haske ba ya isa, sai mai hoto ya kafa kamara bisa ƙarfe mai ƙafa uku, ya bar idonta buɗe daƙiƙa 10, 20, har 30. Abin da ke tsaye shi ke fitowa, abin da ke motsi sai ya shafe. Shi ya sa ruwan ke fita sumul kamar madubi. Ledar da ruwa ke ja ta ɓace. Kainuwa ta ɓace. Masuncin da ya ratsa da kwalekwalensa shi ma ya ɓace, ko ya koma ɗan hazo a tsakiyar hoto.

Na taɓa raka ƙanena, mai wannan sana'a, bakin ruwa ta wajen Gamkale bayan isha'i. Warin magudanar da ke zuba cikin kogi ne ya fara tarbar mu. A bayanmu kuran ya ɗauke, yara na bitar karatu da fitilar salula. A gabanmu gada na walƙiya. Da hoton ya fito, wallahi ni da ke tsaye a wurin sai da na ce: kai, ina ne nan?

Wani zai ce, to malam laifi ne mu nuna kyan ƙasarmu? An daɗe ana nuna mu ga duniya da yunwa da fari. Gaskiya ne, ni ma abin na ƙona mini rai. Sai dai hotunan ga ba Turawa ke kallon su ba, mu ne, da mu da masu riƙe da birnin. In kullum ana ce wa mai riƙo garinsa ya zama Dubai, don mi zai tashi ya gyara magudana?

Kogin ga ba kayan ado ba ne. Daga cikinsa ake jawo ruwan da ake tacewa a Gudel, wanda muke sha a famfo. Yashi na cinye shi, duk wanda ya haye gada a watan Mayu ya ga tsibiran rairayi. A Yunin 1985 tsayawa ya yi cak a nan Yamai, dattawa na tunawa. A Satumban 2020 ya fasa shingen da ke tare shi, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, dubban mutanen Harobanda suka bar gidajensu. Mutumin da ɗakinsa ya narke a daren, in ya ga "kamar Dubai" mi zai ji?

Ban ce ku aje kamara ba. Cewa na yi ku juya ta. Wanda ya iya kama hasken gada ya iya kama fitilar masunci lokacin da yake duba kalli, da mai soya kifi a bakin hanya, da mai lambun da ke ban ruwa kafin asuba. Ku gaishe su, ku nemi izini, don ba kowa ke son ganin fuskarsa a intanet ba. Kuma in kun ɗauki wuri da dare, ku koma can da hantsi ku sake ɗauka, ku jera hotunan biyu tare. Sannan mu ga wanda zai rubuta Dubai.

Ƴan Maradi masu hoton bakin Gulbi, da ƴan Tawa masu hoton tabki, maganar ta shafe ku.

Allah shi kyauta.